Kwanon Fure na Narkakken Gilashi: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka shigo filin sana'ar hannu wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato kwanon ado na gilashi mai siffar fure. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa. Duk inda muka ce digiri, na ma'aunin Salshiyas muke nufi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani kwano a wani shago a Adum, nan Kumasi, na gilashi, kunnuwansa ja, tsakiyarsa rawaya, kamar an tsinko fure. Na ɗauka hura shi aka yi, mai shagon ya ce a'a, yankawa aka yi aka gasa. Ina koyon aikin yumɓu, kuma inda nake koyo akwai tanderun lantarki. Yaya ake yinsa tun daga farko? *Wata ɗaliba, Aboabo*

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Gaskiya mai shagon ya faɗa miki. Sau biyu kwanon yake shiga wuta. A gashin farko guntayen gilashin suke narkewa su haɗe su zama faifai guda shimfiɗaɗɗe. A na biyu ake ɗora faifan a kan mazubi, wato kwanon yumɓun da zai ba shi siffa, a ba shi wuta kaɗan har ya yi laushi ya kwanta a ciki. Masu son rage kuɗin wuta kan so haɗa biyun a gashi ɗaya, ba ya yiwuwa, don zafin da ke haɗe gilashi ya fi wanda ke lanƙwasa shi da digiri 150 ko fiye. A wancan zafin sai kunnuwan su zurare su taru a gindin mazubin.

Ki fara da takarda. Zana da'ira mai faɗin santimita 24, ki yanke ta, ki ninka ta sau uku, za ta ba ki kashi takwas daidai wa daida. A cikin kashi ɗaya ki zana kunnen fure: tsawonsa santimita 10 da rabi, inda ya fi faɗi santimita 6 da rabi, kuma kada ya kai tsakiyar da'irar, ki tsayar da shi saura santimita ɗaya da rabi. Tsini mai siriri karyewa yake yi wajen yanka, kuma tsini takwas ba sa haɗuwa a wuri ɗaya ba tare da rami ba. Wannan gurbin na tsakiya ɗan kewayayyen gilashi rawaya mai faɗin santimita 3 zai cike shi.

Gilashin da za ki nema shi ne wanda aka yi musamman don narkarwa, mai kaurin milimita 3. Fari tas mai nuna bayansa na ƙasa, da'ira guda ta santimita 24. Mai launi na kunnuwa takwas. Wajen yanka, ki ɗiga kananzir a bakin daimon, wato abin yankan gilashi, ki ja layi sau ɗaya tak da nauyin hannu iri ɗaya. Za ki ji ƙara kamar ana yage atamfa. Idan kika ga farin gari yana tashi a kan layin, kin danna da yawa. Idan kika maimaita layin, kin lalata bakin daimon kuma tsagar za ta bi inda ta ga dama. Ki sa tabarau na kariya, tartsatsin gilashi ba ya sallama.

Akwai abu guda game da halin gilashi wanda idan kika gane shi kin gane rabin sana'ar. Idan ya narke sosai, kaurin milimita 6 yake nema. Wanda ya fi haka kauri sai ya baje, wanda bai kai ba sai ya tattare kansa ya janye daga baki. Shi ya sa ake yin hawa biyu na milimita 3. A wannan kwanon ma halin nan aiki yake yi miki: tsakanin kan kunne da kunne hawa ɗaya ne kawai, farin na ƙasa, don haka wurin zai ɗan shige ciki, bakin faifan ya fito da lanƙwasa irin ta fure. Idan kina son lanƙwasar ta fito sosai, ki ɗan gutsure wuraren da filaya kafin gashi.

Ki wanke kowane guntu da sabulu, ki ɗauraye, ki goge da sifirit, daga nan kada ki ƙara taɓa fuskarsa, a gefe za ki riƙe. Allon tanderu kuma sai an shafa masa abin da zai hana gilashi mannewa: farar ƙasa, wato farin yumɓun da ake kira kawolin, da garin alumina rabi da rabi, a dama awo ɗaya na garin da awo biyar na ruwa. A shafa sau huɗu ko biyar da burushi mai laushi, kowace shafa ta gitta wadda ta gabace ta, a busar a tanderu a digiri 260 na minti 20. Allon da bai bushe ba tururi yake fitarwa a ƙarƙashin gilashi, ya tayar da kumfa kamar ƙwai. Ki rufe hanci idan kina dama garin ko kankare tsohonsa.

Yanzu wuta. Tanderun gasa yumɓu daga gefe yake ba da zafi, ba daga sama ba kamar na gilashi, saboda haka bakin faifai yana riga tsakiya yin zafi. Ki bar aƙalla santimita 5 tsakaninsa da bango, kuma ki hau a hankali: digiri 150 a kowace awa har zuwa 660. Ki tsaya nan minti 30. Wannan tsayawar ita ke ba na sama damar kwanciya sannu a hankali ya tura iskar da ke tsakani waje kafin baki ya rufe. Daga nan ki hau da sauri, kamar 330 a awa, zuwa 800, ki tsaya minti 10. Ki leƙa ta ramin leƙe na daƙiƙa biyu. Idan fuskar ta yi sumul kuma baki ya mulmule, ya isa.

Saukowa ce ke raba gwani da ɗan koyo. A bar zafin ya faɗo da kansa zuwa 482 idan gilashin mai lamba 90 ne, ko 510 idan mai lamba 96 ne (za mu yi bayanin lambobin a amsa ta gaba), a riƙe shi nan awa guda cur. A wannan zafin gilashin ya daskare a ido amma cikinsa yana iya saki, sai waje da ciki su daidaita. Sannan a sauko da digiri 80 a awa har 370, a kashe, a bar ƙofa a rufe har ki iya ɗora tafin hannu a kan gilashin. Yawanci sai washegari.

Gashi na biyu: faifan yanzu guda ne mai kaurin milimita 6, ya fi jin zafin farat ɗaya. Ki goge baki da dutsen wasa a cikin ruwa idan akwai ƙaya, ki wanke, ki ɗora a kan mazubin da aka shafe, ki tabbata ya zauna daidai ba karkace. Hau da digiri 120 zuwa 150 a awa har 640. Daga 620 ki riƙa leƙawa duk minti biyar. Da zarar tsakiya ta taɓa gindi, ki wuce zuwa saukowa irin ta farko sak. Na farkonki ya zama mazubi marar zurfi, santimita 4 ko 5. Mai zurfi yana tattare baki kamar bakin zani.

Tambaya: Malam, ni mai haɗa tagogi ne, guntayen luba, wato falle-fallen gilashin taga, sun cika min shago. Na farfasa koren kwalba na jera a kan farin gilashi, wani abokina ya gasa min. Ya fito da kyau, bayan kwana uku yana kan tebur ba wanda ya taɓa shi, sai muka ji ƙas, ya tsage. To mutanen Krobo na Yankin Gabashin Ghana ba da kwalabe suke yin duwatsun wuya ba? Me ya sa nasu ba ya fashewa? *Mai gilashi, Asawase*

Amsa: Ɗan'uwa, ba hannun kowa a ciki, tun a tanderu tsagar take, ranar fitowarta ce ta zo. Kowane irin gilashi yana da gwargwadon yadda yake buɗewa idan ya yi zafi, ya kuma tsuke idan ya huce. Idan ka haɗe iri biyu, ɗaya yana tsukewa fiye da ɗaya, sai su daskare suna ja-in-ja. Wani lokaci a tanderu suke rabuwa, wani lokaci sai bayan mako, ko ranar da sanyin hunturu ya bugi kwanon da asuba. Ka duba tsagar: idan ta bi gefen koren tana zagaye shi, rashin jituwa ne. Idan ta ratsa kwanon a lanƙwashe ba ruwanta da launi, saurin hucewa ne. Idan kuma bakin tsagar ya mulmule ba kaifi, tun wajen hawa ya fashe sannan wuta ta lashe bakin.

Masu yin gilashin narkarwa suna rubuta lambar da ke nuna wannan gwargwadon buɗewar bayan haruffan COE, mafi yawa 90 ko 96, kuma ba a haɗa su. Gilashin taga yana ƙasa da su, a tsakanin 83 da 87, kuma ya danganta da masana'antar da ta yi shi. Na wasu kwanukan gilashi da ake sawa a tanderun girki yana wajen 33, shi kam ba ya shiri da kowa. Lambar ma ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa kamfani irin Bullseye na Amurka gwada nasa yake yi da juna kafin ya sayar.

Batun Krobo, da masu irin aikin a Dabaa da Ohwim nan kusa da mu: suna daka kwalba ta zama gari, su zuba a ƙananan ramukan mazubin yumɓu da aka shafa wa farar ƙasa, su soka ƙaramin karan ganyen rogo a tsakiya wanda zai ƙone ya bar huda. Dutsen wuya bai wuce kan yatsa ba, kuma garin ya gauraye ko'ina, ja-in-jar ba ta samun dogon wurin da za ta taru. Faifai mai faɗin santimita 24 wani abu ne daban. Gwanintarsu ta gaske ce, amma lissafin dutse ba ya hawa kan kwano.

Guntayenka ba asara ba ne. Ka yi kwanon gaba ɗaya daga gilashi guda, ko luba na kwali ɗaya. Tunda luba ba ta da faɗin da za ta ba ka da'ira, ka yanka kunnuwa goma sha shida: takwas a ƙasa, takwas a sama, na sama su hau kan mahaɗar na ƙasa kamar jerin bulo. Gilashin taga ya fi taurin kai, yana son wajen 830 kafin ya haɗe, 690 zuwa 700 kafin ya kwanta a mazubi, kuma a 545 ake riƙe shi wajen saukowa. Luba biyu masu milimita 4 sun ba ka 8, don haka ka riƙe awa ɗaya da rabi, ka sauko da digiri 60 a awa. Idan kana son ado ba tare da launin wani gilashi ba, ka tsefe siririyar wayar tagulla daga tsohon kebul, ka shimfiɗa ta tsakanin hawa biyun kamar jijiyar ganye; takan fito ja-ja mai duhu.

Idan kwalba kake so, to kwalba zalla, iri ɗaya, launi ɗaya. Faifan santimita 24 mai kaurin milimita 6 yana cin kusan giram 680. Ka cire takarda da gam, ka daka, ka bi da maganaɗisu don tsince ɓurɓushin ƙarfen turmi, in ba haka ba baƙin ɗigo zai cika shi. Gari mai laushi yana fitowa a dushe, tsakuwa-tsakuwa ita ke barin haske ya ratsa.

Kafin ka amince da kowane haɗi, gwada. Yanki farin gilashinka santimita 3 da 15, ɗora 'yan guntaye kamar farce na waɗanda kake shakka, da tazara a tsakaninsu, ka gasa. Bayan ya huce, buɗe farin shafi a kwamfuta, ka sa tabarau na rana irin mai kashe ƙyalli, ka karkata kai har fuskar kwamfutar ta yi baƙi, sannan ka riƙe gwajin a tsakani. Guntun da ka ga haske ya kewaye shi kamar wata ya yi lema, ba abokin tafiya ba ne.

Abin da ba ya shiga tanderu: gilashin gaban mota, don akwai roba a tsakiyarsa, madubi, da na tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, saboda dalma. Na gefen mota ba ya yankuwa, warwatsewa yake yi.

Tambaya: Ina da ƙaramin tanderu a gida. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar gashi, me zan yi? Ko in koma na itace? *Wata Hajiya, Sawaba*

Amsa: Hajiya, barkanku da ƙoƙari. Abu na farko, kada ku buɗe ƙofa ko da leƙe ne, ku toshe ramin leƙen ma. Idan wutar ta tafi ana hawa, babu ɓarna. In ta dawo ku duba inda zafi yake ku ci gaba daga nan a hankali. Idan ta tafi bayan an kai ƙololuwa, kafin a gama riƙon awa gudan nan, gilashin zai huce ba bisa ƙa'ida ba. In a gashin farko ne kuma bai fashe ba, da sauƙi, domin gashi na biyu zai warware abin da ya ƙulle, sai dai ku hau da digiri 80 zuwa 100 a awa maimakon 150. In a na biyu ne, ku bar kwanon a mazubinsa, ku sake hawa a hankali zuwa wajen 540, ku sauko 482 (ko 510 idan mai lamba 96 ne), ku riƙe awarsa cikakkiya. A wannan zafin siffarsa ba za ta canja ba.

Soket na amfiya 13 a lantarkinmu na bolt 230 iyakarsa kusan kilowat 3. Tanderun ya samu soket nasa shi kaɗai, ba doguwar waya, kuma ku duba kuɗin mita kafin ku kunna. Ƙarewar kati da ɗauke wuta duk ɗaya ne a wurin gilashi. Janaretan da ke ɗaukar fanka da firji ba zai ja shi ba.

Na itace yana kai zafin, ba shakka. Matsalar ita ce riƙe shi a wuri ɗaya tsawon awa, da tokar da ke sauka a kan fuskar gilashi. Ba ma ba da shawararsa ga kwano.

Tambaya: Na sa an buga min mazubi na ƙarfe a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai, amma wani ya ce in yi amfani da asanka, wato kaskon yumɓun da ake niƙa kayan miya a ciki. Wanne ya fi? Kwanon da na yi a baya ya kama mazubin ya ƙi fita, kuma gindinsa ya kumbura. *Wani matashi, Akwatia Line*

Amsa: Ƙanena, wane ƙarfe? Idan sanholo ne, irin na tukwanen biki, kada ka kuskura: a digiri 660 yake narkewa, kusan daidai inda kake aiki. Ƙarfen kwanon rufi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Baƙin ƙarfe yana ɓarewa. Kwanon fenti irin na jeren ɗakin amarya kuwa, fentin nan nasa gilashi ne, sai su haɗe da naka har abada. Wanda ke aiki shi ne ƙarfe marar tsatsa.

Shi ma da ƙa'idarsa. Wajen hucewa ƙarfe ya fi gilashi tsukewa, yumɓu kuma bai kai gilashi ba. Saboda haka a cikin yumɓu ake kwantar da gilashi, sai ya tsuke ya saki bango da kansa. A bayan ƙarfe kuma ake kifa shi, ƙarfen ya tsuke ya bar shi. Ka juya lissafin, ka sa gilashi a cikin ƙarfe mai miƙaƙƙen bango, sai ƙarfen ya shaƙe shi. Ina zaton abin da ya same ka ke nan. Ka kife naka, ka ɗora faifan a kan gindinsa, kunnuwan za su zubo su yi lanƙwasa mai kyau, har ma ta fi kama da fure. Shafin farar ƙasa ba ya kama ƙarfe mai sanyi, sai ka ɗumama shi zuwa wajen 200 sannan ka fesa.

Asanka tana da zane a ciki don niƙa, kuma duk zanen zai fito a bayan kwanonka. Wasu ma don shi suke so. In ba ka so, ka sa maginan Pankrono su gina maka marar zane, marar zurfi, mai bango a kwance. Ka fara gasa ta ita kaɗai zuwa 750 don ta nuna halinta. Kumburin gindi kuwa iska ce da ta rasa mafita. Huda ramuka uku ko huɗu na milimita 2 a gindin mazubin, ka ɗora shi a kan 'yan guntayen bulo don ramukan su yi numfashi, kuma ka bi su da tsinke bayan shafi.

Tambaya: Kwanona ya fito da wani hazo fari a sama wanda wanki ba ya cirewa. Sannan inda rawaya ta haɗu da shuɗi mai ruwan teku sai ga baƙin layi, alhali ban sa baƙi ba. *Wata mai karatu, Sabon Zango*

Amsa: 'Yar'uwa, hazon nan fuskar gilashin ce ta fara komawa ƙanƙara-ƙanƙara irin ta gishiri. Datti ke tayar da shi, shatin yatsa, alamar maka, ragowar kananzir, ƙurar hunturu, sai kuma daɗewa a saman digiri 700. Gilashin taga da na kwalba sun fi saurin yinsa. Wanki da sifirit da gajeren tsayi a ƙololuwa su ne rigakafi. Ana kuma narkar da ƙaramin cokali ɗaya na garin boras a kofin ruwan ɗumi, a fesa siriri a bari ya bushe kafin gashin farko. Wanda ya riga ya yi, sai a goge fuskar da takardar gugar daimon a cikin ruwa, a mayar wuta a faifansa. Zafin gashi na biyu ba ya isa ya gyara.

Baƙin layin ba kuskurenki ba ne. Rawaya da ja da ruwan lemo yawanci akwai farar wuta ko danginta a cikinsu, shuɗin nan kuma da tagulla aka rina shi, in suka haɗu a wuta sai su haifi launin ƙasa mai duhu. A ganinmu a kwanon fure kyau yake ƙarawa, yana zagaye tsakiya kamar an sa kwalli. In ba kya so, siririn farin gilashi a tsakaninsu ya raba gardama.

Tambaya: Za a iya cin abinci a ciki? Ina so in ba 'yata a kayan ɗaki. *Wani dattijo, Tafo Zango*

Amsa: Baba, Allah ya sanya alheri. Goro, dabino, alewar baƙi, duk ba laifi. Abu mai zafi kam a'a, koko ko miya za su iya tsaga shi nan take, haka ma turaren wuta. Ja da rawaya sukan ƙunshi sinadarin kadmiyam, don haka in za a riƙa zuba abin ci, ku ce wa mai yin ya juya jerin, launi a ƙasa, farin gilashi a sama, kuma kada ya fesa boras a fuskar. A wanke da ruwan da bai fi ɗumin hannu ba. Wajen kai shi gidan amarya a naɗe shi a zani shi kaɗai, kada a cusa shi cikin jerin kwanuka, don kan kunnuwan ne ke fara ɓantarewa.